In Mai Gida Ya Ce Ka Zauna

Karatu: Farawa 30:25-43, 31:1-7, 17-42



A ce kai makanike ne a wani gareji a unguwar Kpangalam, cikin garin Sokode. Shekara bakwai kana gyaran manyan motocin da ke bin babbar hanyar Lome zuwa iyakar Burkina Faso. Sau uku ka roƙi ƙarin albashi, sau uku mai gida ya ce babu kasuwa. Abin da kake karɓa bai wuce sefa 52,500 ba, wato mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Togo a watan Janairu na 2023. Yanzu wani kamfani a Dapaong ya neme ka da albashi mai kauri. Da ka je yi wa mai gida sallama, sai ya jawo maka kujera, ya tambaye ka nawa kake so. Kuɗin da babu jiya, yau ga su. Me za ka yi?

Ba a kanka aka fara ba. Yakubu ya yi wa kawunsa Laban aiki shekara 14. Bayan haihuwar Yusufu, ya nemi izini ya koma ƙasarsu. A ranar ne Laban ya furta da bakinsa cewa saboda Yakubu ne Ubangiji ya sa wa dukiyarsa albarka, ya kuma ba shi dama ya yanka wa kansa lada. Yakubu ya yarda ya zauna. Suka shirya cewa awaki masu dabbare-dabbare da baƙaƙen tumaki su ne za su zama nasa. Amma a wannan rana Laban ya ware irin waɗannan dabbobi, ya danƙa wa 'ya'yansa, ya nisanta su tafiyar kwana 3. Cikin shekara 6 da suka biyo baya, ya yi ta sauya masa lada har sau 10. A ƙarshe 'ya'yan Laban suka fara gunaguni, fuskar Laban kuma ta daina sakuwa.

Ka lura da kyau, ɗan'uwana. Lada ya ƙaru, amma Laban yana nan yadda yake. Hali zanen dutse ne. Don haka, kafin ka dubi yawan kuɗin, ka tambayi zuciyarka a gaban Allah, me ya sa na so tafiya tun farko? In albashi ne kaɗai damuwarka, mai gida kuma mutum ne mai cika alkawari, zama ba laifi ba ne. Amma in wulaƙanci ne ya kore ka, ko ana sa ka saka wa motar mutane tsohon kaya ka ce sabo ne, ko ana hana ka zuwa sujada kowace Lahadi, to, ƙarin kuɗi ba zai warkar da wannan ciwo ba. Wata biyu ko uku, za ka ji ya dawo.

Haka kuma, kada ɗokin sabon wuri ya rufe maka ido. Yesu ya koya mana a Luka 14:28 cewa mai son gini yakan fara zama ya yi lissafi. Daga Sokode zuwa Dapaong kusan kilomita 300 ne, sai ka wuce Kara da Mango. Wa zai kula da tsofaffinka? Yaya makarantar yara da kuɗin haya? A shekarar 2022 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes, inda Dapaong take, saboda matsalar tsaro, don haka ka tambayi 'yan'uwa na can yadda zama yake. Ka yi shawara da matarka, da fastonka, da dattawan ikkilisiya. Ko wanne ka zaɓa, a rubuta yarjejeniya a takarda, ka kuma tabbatar an sa sunanka a CNSS, asusun da zai tallafe ka ran tsufa. Bangaskiya ba ta hana lissafi ba.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi, shi ne maganar bakinka. In ka riga ka ce wa mutanen Dapaong kana zuwa, sun sallami sauran masu nema saboda kai. Magana zarar bunu ce. Zabura 15 ta yabi mutumin da ke cika alkawarinsa ko da zai yi hasara, Ubangiji kuma a Matiyu 5:37 yana so amsarmu ta zama guda ɗaya. Kada ka ƙara wa tayin da aka yi maka gishiri don mai gida ya tsorata ya ƙara maka kuɗi. Wannan ƙarya ce, ko da ta kawo riba.

In kuwa tafiya ce, ka fita ta ƙofa. A nan Yakubu ya yi kuskure. Allah ya umarce shi ya koma gida, amma tsoro ya sa ya sulale a ɓoye sa'ad da Laban ya tafi sausayar tumaki, har aka bi sawunsa kwana 7. Kai ka ba da sanarwa a kan lokaci kamar yadda dokar aiki ta ce, ka mayar da kayan aiki cif, ka yi godiya. A Sokode yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma yadda Kirista ya bar aiki wa'azi ne da kowa yake ji.

Kada ka ji tsoro. Ba Laban ne ya azurta Yakubu ba, Allah ne, wanda ya ga wahalarsa cikin zafin rana da sanyin dare. Shi ne yake tare da kai a Kpangalam, shi ne kuma zai riga ka isa Dapaong.

Addu'a: Ya Uba, ka san bukatar gidana. Ka ba ni hikima in zaɓi hanyar da za ta girmama sunanka. Ka tsare ni daga kwaɗayi da tsoro, ka sa maganata ta zama gaskiya. Cikin sunan Yesu, Amin.