Nasiha Game Da Ambaliya Tun Damina Ba Ta Nutsa Ba

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya ruwa rahama ga bayinsa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, nasiharmu ta wannan mako a kan ambaliya ce. Ƙasarmu ta kudancin Katsina ta fi ta arewa samun ruwa, ga kuwa gidajenmu yawanci ginin ƙasa ne. In Agusta ya shigo, ƙorama ta cika, bango ya jiƙa, sai ka ji an ce ƙaddara ce. Lalle ƙaddara gaskiya ce, amma fa ba ta ɗauke wa bawa nauyin yin sababi ba.

Ku tuna abin da ya auku a Jibiya a tsakiyar watan Yuli na 2018. Ruwa ya sauka cikin dare mutane na barci, ya ci rayuka fiye da 40, ya rusa ɗaruruwan gidaje, har aka tsinci gawar waɗansu a ƙasar Nijar. Allah ya jiƙansu. To, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Annabi Nuhu, ya fi mu tawakkali nesa ba kusa ba, amma Allah ya umurce shi ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai zo ba, mutanensa na yi masa dariya. Haka kuma Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta faɗa Sham sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Ga misali daga 'yan'uwanmu Musulmi na bakin teku. A watan Nuwamba na 1970 wata guguwa ta turo ruwan teku bisa tsibirin Bhola da gaɓar ƙasar da ake kira Bangladash yanzu, mutane kamar 300,000 ko fiye suka halaka. Daga baya suka gina mafaka masu tudu, suka horar da masu yin shela ƙauye ƙauye. Da guguwar Amphan ta taso a 2020, an kwashe mutane fiye da miliyan 2 tun ba ta iso ba, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 50 ba. Addu'arsu ba ta ragu ba, sababi suka ƙara a kanta.

Mu namu sababin ba mai wuya ba ne. Kada a yi gini a kan hanyar ruwa, komai arahar filin. Kada a zuba shara cikin magudana, domin ruwan da ka tare a ƙofarka ɗakin maƙwabcinka zai shiga, kuma Shari'a ta hana cutar da maƙwabci. Wanda ya sayar da fili yana sane kwari ne, ya ɓoye wa mai saye, ya yi algus, ya ci haram. Matasa su yi gayya su yashe kwalbatoci, magidanta su yaɓe bango su gyara indararo. Hukumar NiMet takan ba da hasashen damina kowace shekara, sai limamai da dagatai su isar da shi ga jama'a. In an ce a tashi daga bakin rafi, a tashi, a fara da yara da tsofaffi.

Wanda kuma ruwa ya ci gidansa, haƙƙinmu ne mu sauke shi, mu ciyar da shi, kada mu jira gwamnati.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrin ruwa, amin.