Dillalin Gida: Amanar Wa Ke Wuyansa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Birnin Ƙonni gari ne na kan iyaka, kuma baƙi ba su yankewa a cikinsa. Manomin albasa na Galmi da ya sami albarkar rani, da ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza, da falken da ke cin kasuwar Badagishiri ta yankin Illela, kowa burinsa ya mallaki gida. Mafi yawansu ba su san unguwanni ba, don haka sai sun bi ta hannun dillali. Tambayar da muke son dubawa ita ce: wannan mutum da ke karɓar la'ada daga mai saye da mai sayarwa, amanar wa ke wuyansa?

Da farko, dillanci sana'a ce halattacciya. Imamu Buhari ya keɓe babi a kan ladan dillali, inda ya nuna cewa Ibnu Sirina da Hasanul Basari ba su ga laifinsa ba. Sharaɗi shi ne a san la'adar tun kafin a ƙulla ciniki.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen shirun dillali. Gida ba buhun gero ba ne da za a zura hannu a gane cikinsa. Gidan da aka nuna maka da rani, wataƙila a kan hanyar ruwa yake, kuma mazauna kwarin Maggiya sun san abin da damina mai ƙarfi, irin ta 2024, ke yi wa ginin ƙasa. Wani kuma gidan gado ne, babban wa ya sa shi a kasuwa ba da yardar ƙannensa mata da marayu ba. Dillali ɗan unguwa ne, ya san duk wannan. Wani zai ce: "Ai ban yi ƙarya ba, ba a tambaye ni ba ne." Wannan hujja ba ta tsayuwa. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci, ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ƙidaya ɓoyewar a cikin algus. Wanda ya ci daga hannu biyu, gaskiya yake bin sa ta fuska biyu.

Haka nan haramun ne dillali ya ƙirƙiro mai taya na ƙarya don ya ɗaga farashi, abin da malamai ke kira najashi, ko ya faɗa wa mai gida kuɗi kaza, ya faɗa wa mai saye wani, ya danne rarar a ɓoye.

Shi ma mai saye akwai hakki a kansa. Kada dillali ya sha rana yana zagayawa da kai, sa'an nan ka koma wa mai gida da dare don ka hana shi guminsa. Kuma yarda ba ta hana bincike. Ka tambayi maƙwabta da mai unguwa, ka kai takardar fili ofishin magajin gari a tantance ta, in kuwa a karkara ne, ka nemi kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada. A rubuta ciniki gaban shaidu, a bayyana ko da sefa za a biya ko da naira, domin aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaidu a wurin ciniki.

Gidan da za ka yi salla a cikinsa, ka reni 'ya'yanka, bai kamata a aza tubalinsa a kan hakkin maraya ba. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu da cin amana, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.