Uwar Budurwa, Sannu da Aiki

Kafin ladan ya yi kiran farko kin riga kin tashi. Waken suyan da kika jiƙa tun dare yana jiran injin niƙa, ga itace bai bushe ba, ga awara dole ta fita kafin 'yan lakwal su wuce. A Birnin Ƙonni ke nan. Can Galmi wata ta ɗaura ɗamara ta nufi garkar albasa, inda za ta wuni a duƙe tana yanke ganye, ta dawo da ɗan abin da za ta daka ta yi gabu. A ƙauyukan Illela da Badagishiri wata tana jan wasaki a bakin rijiya, maigida yana Abijan ko Libiya tun bayan girbi, sai dai waya, sai ɗan aike in ta samu. Dukanku abu guda kuka bari a ɗaka: yarinya 'yar shekara 14 ko 15, wadda jiya-jiya kike goyo, yau kuma in kin yi magana sai ta turo baki ta ja mayafi.

Sannu da aiki. Na faɗa ne don na san ba kowa ke faɗa miki ba. Masu ɗora siminti a Malbaza ana biyansu da yamma, direba yana da kuɗin hanya, ke kuwa aikinki sai ranar da aka samu tangarɗa ake tunawa da shi, a ce "ɗiyar wance ce." Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wuta, kaya suka yi tsada har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe, wa ya hana tukunya mutuwa a gidajen Ƙonni? Ku ne, da dala-dalar ƙuli-ƙuli da fura. Macen da ta ratsa waɗannan watanni ba a yi mata barazana da fushin budurwa.

Na san inda ƙayar take. Ƙonni gari ne na kan hanya: babban titin Yamai zuwa Maraɗi ya ratsa ta, Illelar Najeriya tana nan kusa, tasha ba ta barci. Ke kika ɗora wa yarinyar nan tire, kuma ke ce zuciyarki ke dukan uku-uku har ta dawo. Masu cewa a daina talla daga cikin ofis ba su taɓa zama sun lissafa kuɗin gado da katifa da kwanonin jere ba, don haka ba zan bi sahunsu in ɗora miki laifi ba. Amma akwai abin da ke hannunki. Tallar hantsi daban, tallar bayan magariba tsakanin manyan motoci daban. Kuma ranar da ta kawo ciniki ya haura kuɗin kayan da kika zuba mata, kada ki yi murna ki ƙulle a bakin zane. Ki tambaya.

Tambayar ce ke yi mana nauyi, mu Hausawa. Ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "waccan", kuma ba ƙi ba ne, alkunya ce, na san ta fi kowa sona. To amma ranar da na fara ganin jini, kwana biyu na yi ina ɓoye tsumma a bayan rumbu, ina zaton wata cuta ce ta kama ni, har kakata ta lura da yadda nake zama ta ja ni ɗakinta. A lokacinmu haka tsarin yake: uwa ta yi kawaici, kaka ko gwaggo ta yi magana. Yanzu fa? Kaka tana ƙauye, gwaggo ta bi miji Legas, abin da ya rage a kusa da yarinya shi ne wayar ƙawarta, da TikTok, da ɗan kabu-kabun da ke rage mata hanya kyauta. Gurbin da kika bari don kunya ba ya zama haka nan, wani ne zai shige shi, kuma ba zai nemi izininki ba.

Don haka ki karya wannan kunyar, ko da kaɗan-kaɗan. Ba sai kin zaunar da ita kamar alƙali ba. Bakin murhu ya isa, ko lokacin kitso, da kanta yana kan cinyarki ba ta ganin idonki. Ki ba ta labarin kuskuren da kika taɓa yi ke ma. In ta faɗi abin da ya girgiza ki, haɗiye salatin tukuna, ajiye muciyar. Yarinyar da aka mara ranar da ta faɗi gaskiya ta gama koyon darasi: gobe ƙarya za ta yi.

Sai maganar karatu, inda ake ce miki "boko me zai ba ta?" A Nijar, a ƙididdigar 2012, 'yan mata 76 cikin 100 aka aurar kafin su cika shekara 18, kuma da yawa ba don iyaye sun ƙi karatu ba ne, tsoron abin kunya ne da nisan kwaleji, da rashin gidan da za a amince a ajiye yarinya a birni. Tsoron gaskiya ne. Sai dai tun Disambar 2017 akwai dokar gwamnati da ke kare ɗiya mace mai karatu, kina da abin dogara in dangin uba suka taso. In kuma aka ce miki al'adar Nasara ce, ki tuna musu Maratta, nan kusa da Galmi, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Ɗiyarsa Nana Asma'u ce ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajoji da malfa, suna zagaya ƙauyuka suna tattaro tsofaffi da 'yan mata zuwa ɗaukar karatu. Daga ƙasar nan tushen gidan ya fito. Ɗiyarki ta riƙe allo da kaye duka biyu, ta kai birbe, ta wuce in Allah ya nufa. Likitar Galmi da ƙananan likitocin karkara suna buƙatar ungozoma mai jin Hausar Adar, wadda mace za ta buɗe wa ciki ba fargaba.

Kuɗin fa? Kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Tun 1991 matan jihar Maraɗi suka soma asusun Mata Masu Dubara, zubin mako-mako cikin akwati, bashi a tsakaninsu, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Ki shiga irinsa, ko adashin unguwa, kuma in kwasarki ta zo ki ware na kaye da takalmi kafin anko ya cinye. Kwano yana jira a kasuwar Laraba, ba ya ruɓewa. Shekarar karatu in ta wuce, da wuya yarinya ta yarda ta koma aji ɗaya da ƙannenta.

Za ta ɓata miki rai, wannan ba makawa. Za ta ce ba ki waye ba, ta kwana da fushi don kin hana ta zuwa wani biki. Bar ta ta yi, ki tsaya kan maganarki, amma ki rufe mata tuwonta a kwano. Yau da yamma in ta sauke tire ta zube miki canji a tabarma, kada ki fara da ƙirga. Matsa mata gefe, miƙa mata ludayi, ki ce: "Zauna nan, ɗiyata. Wa da wa kika gani yau a tasha?"