Tsakanin Lissafin Taurari da Da'awar Sanin Gaibu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya keɓanta da sanin abin da ke ɓoye. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abubuwa biyu ne da suka auku cikin mako guda suka sa na ɗauki alƙalami. A farkon daminar bara, bayan sallar La'asar, wani dattijo manomi ya ce wa jama'a a ƙofar masallacinmu: "Haka'a ta shiga, kowa ya gyara irinsa." Sai wani saurayi ɗalibi ya ce masa: "Baba, ka tuba, wannan magana shirka ce." Dattijon ya amsa da cewa: "Yaro, tun ba a haifi mahaifinka ba nake wannan ƙidaya, kuma ban taɓa yi wa tauraro sujada ba." Bayan kwana uku sai ga wata baiwar Allah ta zo gidana tana kuka, wai an fasa auren ɗiyarta bayan an raba goro, domin wani ɗan duba ya lissafa sunayen yaron da yarinyar ya ce taurarinsu ba su haɗu ba. Abin da ya dame ni shi ne, an yi wa dattijon ca, amma ban ji wanda ya ɗaga murya a kan ɗan duban ba. Dukansu biyu ana kiran abin da suke yi ilimin taurari. To, ina iyakar da ta raba su?

Kafin mu amsa, yana da kyau mu dubi abin da ya sami wasu mutane nesa da mu, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A ƙasar Ingila, cikin ƙarni na 16 da na 17 na Miladiyya, babu littafin da ya shiga gidajen talakawa kamar wani ɗan ƙaramin littafi mai araha da ake bugawa kowace shekara, wanda suke kira almanak. A shekarar 1603 Sarki James na Ɗaya ya mallaka wa ƙungiyar masu buga littattafai ta Landan ikon buga shi ita kaɗai, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa a shekarun 1660 ana sayar da kimanin kwafi 400,000 a shekara. A cikinsa mutum zai sami kwanakin wata, da lokacin fitowar rana da faɗuwarta, da ranar husufi, da ranakun cin kasuwanni, da nisan da ke tsakanin garuruwa. A cikinsa kuma, a shafin da ke biye, zai sami ranar da ta dace a yi tsaga ko a sha magani bisa burujin da wata yake ciki, da ranakun sa'a da na rashin sa'a, da labarin yaƙi da annoba da mutuwar manya da wai za su auku.

Ku lura da wannan haɗi, domin a nan musibar take. Mai karatu ya ga littafin ya ce wata zai tsaya ranar kaza, ya tsaya. Ya ce za a yi husufi ranar kaza, aka yi. Sai zuciyarsa ta natsu da shi, ya gaskata sauran abin da ke ciki ba tare da bincike ba. Ƙarya ba ta iya tafiya tsirara a kasuwa, sai ta ari rigar gaskiya. A ranar 29 ga Maris 1652, masu waɗannan littattafai sun tsorata mutanen Landan da husufin rana har wasu suka bar gari, wasu suka ƙi fita aiki. Husufin ya zo a kan lokacinsa, bala'in da aka yi alkawari bai zo ba. Mafi shahara a cikinsu, William Lilly, sai da kwamitin majalisar dokoki ya kira shi a 1666 domin ya yi bayani a kan babbar gobarar Landan, saboda wani zane na birni yana cin wuta da ya buga shekaru kafin haka. A 1708 kuma marubuci Jonathan Swift ya ɓoye sunansa, ya buga nasa hasashen cewa wani mai almanak, John Partridge, zai mutu ranar 29 ga Maris, sa'an nan ya buga labarin mutuwar tasa. Mutumin yana raye yana rantsuwa bai mutu ba, jama'a suna yi masa dariya. Wanda ya ce ya san ajalin sarakuna, ga shi ya kasa kare kansa daga makamin da yake sara da shi.

Kada wani ya zaci wannan ciwo na Turawa ne kawai. Ibnul Asir ya kawo a tarihinsa cewa a shekara ta 582 ta Hijira, wato 1186, masu duban taurari sun haɗu a kan cewa wata iska za ta taso ta halaka duniya, amma da lokacin ya zo sai iska ta ɗauke har manoma suka rasa wadda za su yi shiƙa da ita. A ƙasar Hausa ma, malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa Addurrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, kuma irin wannan ilimi ya yaɗu a zaurukanmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi, ya yi kakkausan inkari a cikin Nurul Albab ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da halayen taurari.

To, amma shin duk wanda ya ɗaga kai ya dubi sama ya shiga cikin wannan hukunci? A'a. Malamai sun raba ilimin taurari gida biyu. Na farko shi ne ilimin tasyiri, wato sanin tafiyar rana da wata da taurari domin gane lokuta da alƙibla da hanya. Na biyu shi ne ilimin ta'asiri, wato ƙudurta cewa taurari suna da hannu a cikin arziki da tsiya da aure da ajali, ko kuma ana karanta waɗannan daga gare su. Suratu Yunus aya ta 5 ta nuna cewa an sanya wa wata masaukai ne domin mu san ƙidayar shekaru da lissafi, Suratul An'am aya ta 97 kuma ta ambaci shiryuwa da taurari a cikin duhun tudu da teku. A ƙarshen Risala, wadda kusan kowane almajiri a ƙasar nan ya karanta, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya halatta duba taurari gwargwadon abin da za a gane alƙibla da sassan dare, ya yi umarni a bar abin da ya wuce irin wannan.

Ƙidayar dattijon nan tana cikin kashi na farko. Masaukan wata 28 ne, an ba kowane ɗaya kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365. An raba su bakwai bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari, kuma na damina su ne Haka'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Me ya sa kakanninmu suka buƙaci wannan? Domin shekarar Hijira kwana 354 ce, tana gaza shekarar rana da kusan kwana 11, saboda haka azumi yakan zagaya ya faɗo a ɗari, ya faɗo a bazara. Watan da ke yawo haka ba zai gaya wa manomi lokacin shuka ba. Sai suka riƙe watan sama domin ibada, suka riƙe taurari domin gona. Ko wanda bai yi karatu ba a Adar ya san cewa idan Kaza da Ƴaƴanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, ta daina ganuwa a yamma bayan magariba, to damina ta ƙarato. Wannan gogewa ce ta shekaru masu yawa, kamar yadda makiyayi yake gane hadarin da ke ɗauke da ruwa.

Idan wani ya ce: ai hadisin Zaidu ɗan Khalid, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ya nuna cewa a Hudaibiyya an siffanta wanda ya jingina ruwan sama ga tauraro da kafirci. Sai mu ce: haka ne, kuma Imamu Shafi'i ya fayyace ma'anarsa. Wanda ya ƙudurta cewa tauraron ne ya saukar da ruwan, shi ne abin nufi. Wanda kuwa yake nufin cewa Allah ya saba saukar da ruwa a wannan lokaci, to tauraro a wurinsa suna ne na lokaci, kamar ka ce watan Agusta, ko da yake barin lafazin da ke kawo ruɗani ya fi.

Ga ma'auni uku da nake ba ɗalibaina. Na ɗaya: shin akwai sababi da hankali zai iya bi tsakanin alamar da abin da aka faɗa? Tsakanin matsayin rana da zuwan damina akwai shi. Tsakanin haruffan sunan yarinya da zaman aurenta babu. Na biyu: shin wani zai iya koyon lissafin ya sake shi ya sami amsa iri ɗaya? Mai ilimin gaskiya yakan buɗe littafinsa, ɗan duba kuwa yakan ce sirri ne. Na uku: idan maganar ba ta tabbata ba, shin mai ita zai ce na yi kuskure? Ɗan duba bai taɓa kuskure ba a bakinsa, kullum kai ne ba ka cika sharaɗi ba, ko sadakarka ce ta yi kaɗan.

Da wannan ma'auni ne za mu gane cewa hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da ma'aikatar yanayi ta ƙasa suke bayarwa, wanda muke ji a rediyo, ba da'awar gaibu ba ne. Suna auna zafin teku da tafiyar iska, suna faɗin rinjayen zato, wani lokaci su dace, wani lokaci su kuskure. Mu saurare su kamar yadda muke sauraron likita, zukatanmu kuwa suna rataye da wanda Suratu Luƙman aya ta 34 ta ce saukar da ruwa nasa ne.

Idan kuma aka ce: ai wani lokaci maganar ɗan duba takan zama gaskiya. Sai mu ce: wanda ya yi ta jifa cikin duhu, wata rana zai sami wani abu, kuma mutane sukan riƙe guda ɗaya da ta dace su manta da ɗari da suka faɗi. Ku tuna husufin ranar 29 ga Maris 2006, wanda rana ta rufe ɗungum a wajen Maradi da Katsina. Ya faɗo ranar Laraba ta ƙarshen watan Safar, wadda masu camfi suke kira Larabgana suna tsoronta. Ina ɗalibi a lokacin, na ga waɗanda suka tabbata cewa ƙarshen duniya ya zo. Muka yi sallar husufi, rana ta washe, kowa ya koma sana'arsa. Masana lissafi sun faɗi ranar da sa'ar tun shekaru kafin haka, suka dace, masu fassara ta da bala'i suka ji kunya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rufe wannan ƙofa tun ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufi, ya hana a danganta shi da mutuwar wani ko rayuwarsa.

Laifin duba bai tsaya ga aƙida ba, yana cin haƙƙin bayin Allah. Yarinyar nan da aka fasa aurenta, wa zai wanke ta daga sunan mai farar ƙafa? Wanda aka hana tafiya da maras lafiyarsa asibiti domin wai ranar nahisa ce, wa zai biya shi idan aka makara? Kuma duba yana kashe himma. Bayan farin 1984, abin da ya taimaki ƙasar Keita shi ne jera duwatsu a kan tuddai, da gina madatsan ruwa, da dashen itatuwa, aikin da aka fara a wannan shekara da taimakon Italiya, wanda mata suka ɗauki kaso mai yawa na wahalarsa. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Magiya ta ƙasar Buza tun 1975 sun tare iskar da ke binne shuka. Wannan shi ne riƙo da sababi tare da tawakkali.

Saboda haka nasihata ga matasanmu masu kishin Sunna ita ce, ku yi bincike kafin ku yi hukunci, domin jifan Musulmi da shirka ba ƙaramin abu ba ne. Ku zauna gaban dattawan nan ku rubuta ƙidayarsu kafin ƙasa ta rufe musu ido. Ga iyayenmu manoma kuma, ku gyara lafazi, ku ce Allah ya ba mu ruwa a lokacin kaza. Ga ƴan'uwana malamai da suke haɗa jadawalin lokutan salla da ranakun nahisa a takarda ɗaya suna sayarwa a kasuwannin Madawa da Buza, ku ji tsoron Allah, ku raba su, domin ayar da kuka rubuta a saman takardar ita ce ta sa talaka ya gaskata abin da ke ƙasanta. Wanda ya rasa inda zai dosa a kan aure ko tafiya ko ciniki, ga istihara, ga shawarar mutanen kirki.

Dattijon da saurayin sun yi musafaha a gabana, yanzu ma yaron yana zuwa wurinsa da littafin rubutu. Maganar auren kuwa har yau muna kai da kawowa tsakanin gidajen biyu, muna roƙon ku sa su cikin addu'a.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya ba mu damina mai albarka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Allah shi ne mafi sani.