Idan Hankali Ya Gushe, Me Ya Rage?

Duk wanda a cikinmu yake shiga birni ta Ƙofar Mata zuwa Kasuwar Kurmi ya taɓa gamuwa da irinsa: mutum cikin tsumma, yana surutu shi kaɗai, yara na biye da shi da ihu da jifa. Mukan kau da kai mu wuce. Wannan ma na fili ke nan. Akwai waɗanda danginsu suka kulle a ƙuryar gida da mari a ƙafa, domin gudun abin kunya. A shekarar 2020 'yan sanda sun fito da irinsu daga wasu gidaje a nan Kano, har da wanda ya yi shekaru a rufe. Kada mu ce abin na maƙwabta ne; kunyar nan tana cikin gidajenmu mu ma.

Bahaushe ya ɗora darajar mutum bisa hankali, shi ya sa "marar hankali" zagi ne mai zafi. To, idan hankali ya gushe, me ya rage? Ikilisiya ta amsa cewa komai na nan, gama mutuncin ɗan Adam daga Allah yake, wanda ya halicce shi cikin kamanninsa. Jariri bai yi wayo ba, tsohuwa ta ruɗe, amma ba mu taɓa cewa sun fita daga 'ya'yan Allah ba.

Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta, takan kamu da ciwo ta wajen gado, ko tsananin baƙin ciki, ko haihuwa, ko shaye-shaye. Mu kuwa nan da nan sai mu ce sammu ne ko iskoki, mu kwashe dukiya a wurin boka, ko mu ɗaure majinyaci da sunan addu'a. Ba mu musanta mugun ruhu ba. Sai dai dokar Ikilisiya ta hana Fada yin addu'ar korar aljanu ba da izinin Bishop ba, kuma wajibi ne a fara tabbatarwa cewa ba rashin lafiya ba ne. Asibitin Dawanau yana nan, haka kuma na Malam Aminu Kano. Masu cewa ba a hauka a warke, sai dai rangwame, ba su ga waɗanda suka riƙe magani suka koma sana'arsu ba.

Waliyyi Yohanna na Allah, wanda ya rasu a 1550, ya sha bulala a sashen mahaukata na asibitin Garanada a ƙasar Sifen. Da ya fito sai ya ba da sauran kwanakinsa ga jinyar marasa galihu. A Markus sura 5 kuma, mutumin da aka sha ɗaurewa da sarƙa ya roƙi Ubangijinmu Yesu ya bar shi ya bi shi bayan ya warke. Ubangiji bai yarda ba. Gida ya aike shi, wurin mutanensa.