Gatarin Mai Saran Itace

A zamanin En'e akwai hukuncin da talaka ya fi tsoro bisa tara, watau ƙwace. Bisa Dokar Daji ta 1937, in malamin daji ya kama mutum yana sara a gandun daji ba da izini ba, kotu tana da ikon karɓe itacen duk da gatarin da aka yi ɓarnar da shi. Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 haka ta yi wa bindigar maharbi. To, shin wannan adalci ne?

Batun itacen babu gardama. Wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, in an karɓe, haƙƙi aka mayar. Gatarin ne abin dubawa, gama shi halaliyarsa ne, da kuɗin guminsa ya saya wurin maƙeri.

Masu goyon bayan ƙwace ba su rasa hujja ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya tarar da wani bawa yana saran itace a hurumin Madina, ya karɓe kayan da ke tare da shi, har iyayengijin bawan suka zo roƙo, ya ƙi mayarwa. Ga shi kuma wanda aka ci tara ya kan koma daji gobe da gatarinsa don ya fanshe hasara. Na yarda da wannan.

Amma fa ƙwace ba shi da ma'auni. Tara alƙali ya kan auna ta gwargwadon laifi da ƙarfin mai laifi. Ƙwace kuwa abin da aka samu a hannu shi a ke ɗauka. Attajirin da ya aika yaransa dajin Falgore da zarto, in an karɓe, kafin Juma'a ya sayi wani. Talakan da a ka raba da gatarinsa an raba shi da tuwon iyalinsa, ƙila ma gatarin aro ne, sai hukunci ya faɗa kan maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Sayyidina Umaru ya lura da irin wannan. Da ya keɓe makiyaya, sai ya umurci mai tsaronta ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga, ya tsare garken mawadata, don su suna da gonakin da za su koma wa.

A ƙasar Kura da Bunkure maganar ta fi nauyi. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974, aka share filaye aka baje su don noman rani, ɗorawa da tsamiya masu yawa suka faɗi da izinin hukuma. An sami shinkafa da alkama da tumatir, ban musa ba. Amma shinkafa ba ta dafa kanta, matan Kadawa kullum sai sun hura wuta, itace kuwa ya yi nisa. Mutumin da ya ga an tumɓuke ɗorawar kakansa da katafila, da wuya ya gane dalilin da za a karɓe masa gatari saboda reshe.

Ni a ganina a karɓe itacen, a ci tara daidai ƙarfinsa, in ya sake a ƙara. Gatari kuwa kada a taɓa shi sai alƙali ya tambayi na wane ne, da kuma baki nawa ya ke ciyarwa.