Yaushe Ake Janye Hannu? Tambayar da Tinapa Ta Bar Mana

A watan Afrilun 2007 aka buɗe Tinapa a gefen Kalaba, zamanin gwamna Donald Duke. Akwai manyan rumfunan kasuwa huɗu, da otal, da wurin wasan ruwa, da sutudiyon fina-finai. Burin shi ne masu zuwa Dubai sayayya su tsaya a gida. Sai dai an daɗe ana ja-in-ja da kwastam kan shigo da kaya ba haraji, kogin Kalaba kuma ba shi da zurfin da manyan jiragen ruwa ke buƙata. Rumfuna suka zauna wayam. Zuwa 2013, maganar da ake yi ita ce AMCON ta karɓi bashin.

Mun taso ana gaya mana mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa. Abin da ba a gaya mana ba shi ne wa ke sayen itacen. Wurin shaƙatawa ba kamar fili ba ne da za ka kewaye ka manta da shi. Ko baƙo ɗaya bai zo ba, janareto zai sha man dizal, masu gadi za su karɓi albashi, kuɗin ruwan banki yana ta hauhawa. In kuɗin gwamnati ne, malamin firamare da majinyacin asibiti ne ke biyan wannan haƙurin, alhali ba a shawarce su ba.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwon. Ana riƙe manhajar da ba mai amfani da ita don kawai an kashe shekara biyu a kanta, kowa yana jin nauyin ya fara furta a binne ta. Amma abin da aka kashe ya riga ya tafi, ko an ci gaba ko an tsaya. Tambayar da ta rage: da yau aka kawo mana wannan aiki sabo fil, da wannan bashin da waɗannan rumfunan, za mu zuba ko sisi?

Ba kowane jinkirin riba ne mutuwa ba, otal kan ɗauki shekaru kafin ya tsaya da ƙafarsa. A ganinmu bambancin yana ga abin da ake jira. In baƙi suna ƙaruwa, ko da kaɗan-kaɗan, a jira. In kuwa lissafin ya rataya ne ga wani ya yashe kogi, wani ya sauya doka, to makomar aikin ba ta hannun masu shi, kuma kowane wata aka ƙara, kuɗin da mai saye zai taya raguwa yake yi.